Wace ce 'yar tsana a cikin hoton?

A ƙasashe irin su Japan da Amurka da Faransa akwai manyan mutane, masu aiki da iyali, waɗanda in za su yi tafiya sai sun keɓe wa 'yar tsana wuri a cikin jaka. Suna ɗinka mata tufafi gwargwadon ƙasar da za a je, rigar sanyi in garin ƙanƙara ne, malafa in bakin teku ne. Idan an isa sai a tsayar da ita a gaban hasumiyar Eiffel ko Taj Mahal, a ɗauke ta hoto, a koma gida a nuna wa abokan sha'awa. Shi mai tafiyar sau da yawa ba ya cikin hoto ko ɗaya. Ba wanda ke biyansu, su ne ma ke kashe nasu.

Abin yana da tarihi. A 1972 wani kamfanin kayan wasa na Amurka mai suna Kenner ya fitar da wata 'yar tsana da ya raɗa wa suna Blythe. Kanta ƙato ne, jikinta siriri, idanunta dara-dara, kuma akwai zare a ƙeyarta wanda in an ja sai idanun su rufe su buɗe da wani launi dabam. Yara ba su so ta ba, aka daina yin ta cikin shekara guda. Ta yi shekara ashirin da biyar ba mai tuna ta, sai a 1997 aka ba wata mata a New York, Gina Garan, kyautar guda ɗaya. Matar nan tana koyon ɗaukar hoto, ta kuwa sami abin gwaji wanda ba ya gajiya, ba ya ƙifta ido, ba ya cewa a nuna masa a goge. Ta riƙa yawo da ita duk inda ta sa ƙafa. A 2000 hotunan suka fito a littafi, a ƙarshen shekarar shagunan Parco na Japan suka yi talla da Blythe, a 2001 kuma kamfanin Takara ya koma ƙera ta sabuwa. Abin da yara suka ƙi sai ga manya suna rububinsa. Yau ta asali ta 1972 takan kai dala dubu ko fiye a hannun masu tarawa, kuma dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba.

Na san abin da mai karatu ya fara cewa a ransa, don shi ne abin da kusan kowane Bahaushe zai fara cewa: ƙoshi ne. Wanda bai san inda tuwon dare zai fito ba ba ya ɗinka wa roba rigar sanyi. Gaskiya ne, amma ba ta kai mu ko'ina ba, domin kowace al'umma tana da abin da masu hali ke zuba wa kuɗi don daɗin rai kawai. Muna da masu kiwon tattabaru da ke sayen ɗaya da kuɗin tunkiya, muna da masu dawaki da ke yi wa doki adon da matar gida ba ta samu ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Wani zai ce yarinta ce. Wannan ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu: 'yan mata sun daɗe suna yin 'yar tsana da kara ko ƙashi ko tsumma, su goya ta, su yi mata kitso, har su haɗa mata biki da gara, kuma babbar mace ce takan zauna ta yanka mata zane. Ta fuskar addini kuwa, ya zo a cikin Bukhari cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta, kuma a cikin Abu Dawuda akwai labarin dokinta mai fukafukai wanda ya sa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi dariya. Malamai da yawa sun kafa hujja da wannan a kan wasan yara, sun kuma yi saɓani a kan baligi da surar da aka ƙera ta cika kama da mutum. Wannan fagensu ne. Tambayar da ta dame ni ta tsaya ne a kan hoton, da abin da mai ɗaukarsa ke yi wa mutanen da ya tarar.

Sai mun fara duba yadda ake ɗaukar irin wannan hoto, don a cikin aikin hannun ne maganar take. Blythe ko Barbie tsawonta bai wuce santimita 30 ba, kusan kashi ɗaya cikin shida na tsawon mutum. In ka tsaya a tsaye ka ɗauke ta, abin da za ka samu shi ne abin wasa da aka yar a ƙasa. Kafin ta fito kamar mai rai dole idon kyamara ya sauko daidai da idonta. Ke nan dole mai hoton ya durƙusa, sau da yawa ma ya kwanta rub da ciki a kan titi, jama'a na wucewa suna kallonsa. Sannan ya matso da ita kusa, ya bar ginin can nesa, don girmansu ya yi daidai a ido. Ya jira rana ta yi sanyi, don hasken tsakar rana yana sa fuskar roba ƙyalli. Ya tokare ta da waya ko tsinke kada iska ta kayar da ita. Daga nan sai babban zaɓi: kyamara ba ta iya fito da na kusa da na nesa tar a lokaci guda idan tazarar ta yi yawa. In 'yar tsana ta fito fes, duk abin da ke bayanta sai ya dushe, ya zama kamar ana hango shi cikin hazo. Ginin ana gane shi da siffarsa. Mutanen da ke wucewa kuwa sun zama inuwa masu launi, ba mai iya cewa ga wane.

Akwai wata mai binciken halayyar ɗan Adam a jami'ar Fairfield ta Amurka, Linda Henkel, da ta zaga da ɗalibai cikin gidan adana kayan fasaha, ta sa suka ɗauki hoton wasu abubuwa, wasu kuma suka kalla kawai. Washegari aka tarar sun fi manta waɗanda suka ɗauka. Sai dai waɗanda aka ce su matso su ɗauki wani ɓangare na musamman, su ba su manta ba. An buga binciken a 2014. Idan haka ne, mutumin da ya yi rabin sa'a a kwance yana auna haske da iska da inuwar gini ya fi ganin wurin bisa wanda ya sauko daga mota, ya juya wa wurin baya, ya yi hoton ɗauki-kanka, ya koma mota. Mu muka sa wa abin suna yawon buɗe ido, amma yawancin masu yin sa idon salularsu ne ke buɗe.

Wani lokaci kuma 'yar tsanar wakiliya ce. A Tokiyo wata mata mai suna Sonoe Azuma ta buɗe wani ɗan kamfani a 2010, Unagi Travel, wanda fasinjojinsa duka 'yan tsana ne da dabbobin tsumma. Ka aiko da naka ta gidan waya, ta zaga da shi gari, ta ɗauke shi hoto a wuraren tarihi, ta mayar maka. Daga cikin masu aikowa akwai marasa lafiya da naƙasassu da waɗanda jinyar wani ta tsare a gida. Kafin mu yi dariya mu tuna tsohuwar da ke ba mai tafiya Makka carbinta ta ce a kai mata shi ya ga Ka'aba. Ba ina daidaita wuraren ba ne, Allah ya kiyaye. Zuciyar da ke aika abu ya je inda ƙafa ta kasa zuwa ce nake cewa mun san ta.

To, duk hoton tafiya yana buƙatar wani abu a gaba. Gini kaɗai ko dutse kaɗai kowa ya gan shi a kalanda, sai an sa wani abu a gabansa yake zama naka. Wani ya sa kansa. Wani ya sa 'yar tsana. Wani kuma, shi ne ya fi yawa a tarihin ɗaukar hoto a ƙasashenmu, ya sa mutumin da ya tarar a wurin. Ya ce masa matsa nan, ɗaga kai, riƙe tulun, kar ka yi dariya, cire wannan agogon don yana ɓata hoton. Duk abin da ake yi wa Blythe shi ake yi masa: a tsayar da shi, a gyara shi, a zaɓa masa haske, a tafi da surarsa. Bambancin shi ne Blythe ba ta da uwa da za ta ga hoton, ba ta da surukai, ba ta da ɗan da zai girma.

A farkon ƙarni na 20 wani Bafaranshe mai suna Edmond Fortier ya zauna a Dakar yana buga katunan gidan waya masu hoto, dubbai, daga ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka. Wasu hotunan garuruwa ne da kasuwanni, kuma masana tarihi suna amfana da su har gobe. Amma da yawa hotunan 'yan mata ne ba riga, an tsayar da su yadda mai hoto ke so, a ƙasa an rubuta sunan ƙabila kawai, kamar yadda ake rubuta irin tsuntsu. Sojoji da ma'aikatan mulkin mallaka suka riƙa saye suna aika wa gida, ana tara su jeri-jeri. Har yau akwai masu tara su, ana cinikinsu da lamba. Idan ana neman tarin 'yan tsana na gaske, ga shi nan, sai dai kowace ɗaya a ciki kakar wani ce.

Ba a daina ba, salo ne ya sake. Kowa a Nijar ya san yadda hoton samarin Wodaabe a wurin gerewol ya zaga duniya, fuska da jan ƙasa ko rawaya, ido a waje, haƙora farare. Littafin Carol Beckwith da Marion van Offelen na 1983 da fim ɗin Werner Herzog na 1989 sun sa Turai ta san su, daga nan baƙi suka riƙa kwararowa In-Gall a watan Satumba lokacin bikin lasar gishiri. A nan maganar ba ta da sauƙi, kuma ba na son a mayar da Wodaabe abin tausayi, don ba haka suke ba. Saurayin da ya yi sa'o'i yana kwalliya ya yi ta ne don a gan shi. Da yawansu sun iya ciniki da baƙo, sun san kuɗin hoto, suna sayar da kayan ado, wasu ma sun je Turai sun yi rawa an biya su. Amma kwalliyar an yi ta ne don idon budurwar da za ta fito ta nuna wanda ta zaɓa. Idan baƙo ya kutsa tsakanin layin masu rawa da 'yan matan, ya kai gilashi kusa da hancin mutum, ya canja wa kwalliyar mai ita. Hoton kuma zai fita da rubutun da ba ya ɗauke da sunan saurayin, ba ya faɗin shanu nawa fari ya kashe masa, ba ya faɗin rijiyar da ake rigima a kanta. Abin da ake so a jikinsa launi ne.

Kar a ɗauka talaka kaɗai ake yi wa haka. A unguwar Gion ta birnin Kiyoto, inda matan nan masu farar hoda da kimono ke aikinsu na kiɗa da rawa, 'yan yawon buɗe ido sun matsa musu da bi a guje, da tare hanya, da jan hannun riga. A watan Oktoban 2019 mutanen unguwar suka kafa alluna: an hana ɗaukar hoto a lungunan da ba na hukuma ba, wanda ya karya tarar yen 10,000. A 2024 suka rufe wasu lungunan ga baƙi gaba ɗaya. Ƙasar da ta fi kowa son 'yan tsana, wadda ke da ranar bikinsu duk 3 ga Maris, ita ce ta tashi tana faɗa wa duniya cewa waɗannan matan mutane ne masu zuwa aiki. Abin lura shi ne mutanen Gion suna da ƙarfin kafa allo da yanka tara. A Faris ma fitilun da ke haska hasumiyar Eiffel da dare suna da haƙƙin mallaka, wanda zai yi kasuwanci da hotonsu sai ya nemi izini. Fitila tana da mai tsaya mata. Yaran da aka ɗauka tsirara a cibiyoyin ciyarwa na Maraɗi lokacin yunwar 2005, aka watsa a talabijin ɗin duniya, yanzu sun haura shekara ashirin. Hotunan sun jawo taimako, ba na musun wannan, rayuka sun tsira. Amma hotunan suna nan, kuma ba wanda zai je neman izinin masu su kafin ya sake amfani da su.

Waɗanda suka fi fito da wannan magana fili, abin mamaki, da 'yar tsana suka yi. A 2016 wasu mata biyu 'yan Amurka da suka taɓa aikin sa-kai a gabashin Afirka suka buɗe shafi a Instagram mai suna Barbie Savior. Barbie ce fara sol, da dogon takalmi, ta zo ceton Afirka: ga ta rungume da jaririn baƙar roba, ga ta a gaban allo tana koyar da abin da ba ta sani ba, ga ta tana hawaye don an ɗauke ta hoto da marayu. Dariya ce, amma mai ciwo, don duk wanda ya gani ya tuna hoton gaske da ya taɓa gani mai kama da shi, inda jaririn ba roba ba ne. A 2017 ƙungiyar ɗaliban Norway ta SAIH ta haɗa kai da su suka fitar da jagora ga masu zuwa aikin agaji, kan neman izini da kare mutuncin wanda ake ɗauka.

Aikina na murya ne, kuma rediyo ya koya mini wani abu a kan wannan. Rakoda ba ta samun komai daga mutumin da ya yi shiru. In na je ƙauye da makirufo, dole in yi sallama, in gaida mai gari, in faɗi ko ni wane ne, in jira a ba ni ruwa, sannan wanda ya ga dama ya buɗe baki. Wanda bai so ba ya kama bakinsa, na dawo hannu wofi. Ana iya yaudarar mutum ya yi magana, ana iya yanka maganarsa a juya ta, mu ma muna da namu zunuban a wannan aiki. Amma a ƙalla ƙofar tana hannunsa. Kyamara ba ta buƙatar ka buɗe komai. Tana ɗauka daga nesa, daga cikin mota, kana barci, kana kuka, kana wanka a bakin gulbi. Mun ce gani ya kori ji, muna yabon gani. Ba mu cika lura ba cewa ji sai an ba ka, gani kuwa ana iya ƙwata. Marubuciyar Amurka Susan Sontag ta yi dogon bayani a littafinta na 1977 cewa ɗaukar hoton abu wani nau'i ne na mallakar sa. Tsofaffinmu da ke rufe fuska da gefen mayafi in sun ga kyamara ba su karanta ta ba, kuma an daɗe ana yi musu dariya wai suna tsoron a sace musu kurwa.

Yanzu mu koma ga mutumin nan da ke kwance a titi da 'yar tsanarsa. Ya zo da abin tsayarwarsa daga gida. Bai roƙi kowa ya cire agogo ba. Wanda zai zama abin kallo a wurin shi ne shi kansa, ƙato da gemu yana gyara wa roba hula, yara na nuna shi. Mutanen garin da suka faɗo cikin hotonsa kuwa sun fito a dushe. A harshenmu akwai kalmar da ta dace da wannan hazon: sutura. Muna roƙon Allah ya yi mana sutura, muna cewa wane ya suturta wane, kuma ba tufafi kaɗai muke nufi ba, har da barin abin da bai kamata a gani ba ya zauna a rufe. Mai hoton bai yi niyyar suturta kowa ba, dokar gilashi ce ta tilasta masa. Duk da haka matar da ta wuce da tallan fura a bayan Blythe ta wuce da mutuncinta, ba wanda zai gan ta a bangon wani ɗaki a wata ƙasa.

Ba zan wanke shi tas ba. Akwai raini a cikin mayar da garin mutane labule. A ce an tsayar da Barbie a gaban masallacin Agadas, ginin ƙasa da aka fara tun 1515, mai hasumiya ta mita 27, wanda UNESCO ta sa tsohon garin da ke kewaye da shi cikin kayan tarihin duniya a 2013, a ce shi ne ya dushe ita ta fito fes. Mutumin Agadas yana da ikon ya ji haushi, ya ce wurin sallarmu ne, ba ɗakin hoto ba. Akwai wuraren da bai kamata a kai abin wasa ba ko kaɗan, maƙabarta da wuraren ibada da inda aka zubar da jini, kuma mai hankali ba ya buƙatar allo kafin ya sani. Sannan akwai wani ɗaci da ba laifin mai hoton ba ne amma yana cikin hoton. 'Yar tsanar nan ta shiga ƙasa goma a cikin jaka, ba wanda ya tambaye ta takarda. Ɗan Nijar da ke son ganin hasumiyar da ta tsaya a gabanta sai ya biya yuro 90 na neman bizar Turai, kusan jika 59 na sefa, kuma in an hana shi ba a mayar masa. Ta wannan Agadas ɗin dubban matasan Afirka ta Yamma suka bi suka shiga Sahara, wasu ba su fita ba. Duk wanda ya san wannan ba zai kalli roba a gaban Eiffel da sakakkiyar zuciya ba.

Sai dai in an ba ni zaɓi tsakanin a mayar da garina labule da a mayar da ni 'yar tsana, na san wanda zan ɗauka. Labule ana naɗe shi a tafi, garin yana nan yadda yake. Kuma masu jagorar baƙi da maƙeran azurfa na Agadas, waɗanda kasuwarsu ta mutu tun tawayen 2007 da ɗaukewar tseren motocin Dakar daga Afirka, ba na jin za su kori baƙo don ya zo da Barbie a jaka, muddin ya cire takalmi inda ake cirewa.

Na daɗe a kan baƙi, alhali laifi tudu ne. Yau kyamarar ba a wuyan Bature take ba, tana aljihun kowannenmu. Mota ta kife a hanyar Dosso ko ta Damagaram, kafin a sami mai ɗauko ruwa an sami goma masu ɗaukar bidiyo, kuma uwa takan ga gawar ɗanta a WhatsApp kafin a zo mata da gaisuwa. An kama ɓarawo ko an kama yarinya da saurayi, sai a tsayar da su a juya fuskarsu ga salula, a ce ɗaga kai. Wanda ya fi ci mini rai shi ne na azumi. A jera almajirai ko zawarawa, a ba kowa ƙullin shinkafa, a ce su ɗaga shi daidai ƙirji, mai bayarwa ya tsaya a tsakiya da shaddarsa. In hoton bai yi kyau ba a karɓe ƙullin a sake miƙawa. Matar da ke cikin layin nan ta san maƙwabtanta za su gani a Facebook, ta san dangin mijinta za su gani, amma yara na gida da yunwa, don haka ta ɗaga ƙullin. Za a ce ai ta yarda. Yardar wanda ba shi da ikon cewa a'a ba ta fi yardar Blythe da yawa ba. Masu yin haka sukan ce hoton shaida ce ga waɗanda suka ba da kuɗi, kuma yana zaburar da wasu su bayar. Akwai gaskiya a ciki. Amma buhunan da aka tara shaida ne, hannuwa ba fuska shaida ne, hoton da aka ɗauka daga baya shaida ne. Salular da ke hannunsu ma tana da wurin da ake taɓawa a dusar da fuska, daƙiƙa biyu ne. Ana barin fuskar ne saboda ita ke jawo tausayi, tausayin kuma shi ke jawo yabo ga mai shadda.

Muna da wata al'adar hoto da ta bambanta da duk wannan, kuma a cikinta ma ana tsayar da mutum ana gyara shi. Ɗakin mai hoto na gari nake nufi, inda ake zuwa ranar salla da sabon ɗinki, a zaɓi labule mai jirgin sama ko mai furanni ko mai masallacin Madina. Philip Kwame Apagya na Gana ya yi suna da irin waɗannan labulen, mutum ya tsaya kamar zai hau matakalar jirgi alhali bai taɓa barin garinsu ba. Wannan ma 'yar tsana ce a gaban abin kallo, amma mutum ne ya tsayar da kansa, ya biya, ya tafi da hotonsa. Seydou Keïta ya buɗe nasa ɗakin a Bamako a 1948. Yana ajiye agogo da alƙalami da tabarau da babur da akwatin rediyo, wanda ya zo ya zaɓi abin da yake so a gan shi da shi. Akwai hotonsa ɗaya da nake so, wata mata ta sha ɗaurin kai ta jingina da akwatin rediyo kamar nata ne, tana kallon kyamara ido cikin ido. Ita ta zo da ƙafarta, ita ta zaɓi rediyon, kuma ƙaramin hoto ta karɓa, irin wanda ake sa wa a ƙasan akwati ko a aika wa dangi.

Fim ɗin da aka wanke hoton daga jikinsa ya zauna a wurin Keïta shekaru da dama. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a New York, aka rubuta cewa ba a san mai ɗaukarsu ba. Shekara guda bayan haka wani Bafaranshe mai neman kayan fasaha, André Magnin, ya bi sawu har Bamako ya same shi. Aka sake wanke hotunan manya-manya, wasu sun kusa tsawon mutum, masu tarawa suka saya da tsada, a 2016 aka cika zauren Grand Palais na Faris da su, shekara goma sha biyar bayan rasuwarsa. Keïta ya sami sunansa. Mutanen da ke cikin hotunan sun zaga New York da Faris da sauran manyan birane ba biza, kuma a ƙarƙashin mafi yawansu abin da aka rubuta shi ne shekara, da kalma biyu da ke nufin babu suna.